Ranar da Dijatu Ta Faɗi Sunan Mijinta

Shekara ashirin da tara Dijatu ta yi a gidan Arzika, a Unguwar Rogo, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Ba wanda ya kafa mata doka. Haka ta taso ta ga uwarta na yi, haka matan gidansu duka: mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. In da shi take magana sai ta ce "Malam". In zancensa take da mata sai ta ce "mai gidan nan", ko "baban su Mu'az", don Mu'az ne na biyu, sunansa ba ya da nauyi a baki. Ko mai gawayin bakin layinsu da ya ci sunan, "mai sunan Malam" take ce masa. Shi ma Arzika ba ya kiran nata. In ya dawo daga kasuwa sai ya yi gyaran murya a zaure, ya ce, "Kuna ciki?" ko da kuwa ya san ita kaɗai ce a gidan.

A takarda kuwa wata mace ce daban. Sai da ta yaye autarta, tana da shekara talatin da uku, sannan ta shiga ajin manya na mata ta koyi boko. Da hannunta ya faɗa sai ta fara cika littattafan rubutu na 'yan makaranta da labarai. Malamarsu ta ɗauki ɗaya ta kai wani gidan rediyo mai zaman kansa, daga nan abu ya kama. Shekara shida ke nan duk Alhamis bayan la'asar wata ma'aikaciya mai suna Shamsiyya na karanta labarin Dijatu, mata na ajiye tsintsiya su matso kusa da rediyo. A cikin labaran nan mutane na faɗin so da baki. Miji ya kira matarsa da sunanta, ya tambaye ta abin da ke ranta, ya zauna ya jira amsa.

Arzika hatsi yake sayarwa a Tsohuwar Kasuwa. Amma duk wanda ya san shi ya san ba gero ne a gabansa ba, dara ce. Da ya sallame la'asar sai ya rufe rumfa ya wuce gindin wani dogon yaro a bayan masallacin unguwa, inda dattawa suka haƙa gurabensu a yashi. Wasu da guntayen kara suke wasa, wasu da duk tsakuwar da suka tsinta. Shi kuwa duwatsunsa goma sha biyu ne, masu sulɓi, tun yana saurayi ya tsince su a bakin gulbin Rima, yana ajiye su a jakar jan fata da yake rataye wa a kafaɗa. Duk Jumma'a da safe sai ya zazzage su a kan buzu, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da gefen rawaninsa, yana juya kowane a tafin hannu. Dijatu kan tsaya daga bakin madafa tana kallon hannun nan. Ba ta taɓa cewa komai ba.

Bai hana ta karatu ba. Bai hana ta rubutu ba. Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da ya hana, da ta san abin da za ta yi kuka a kansa. Shi dai bai taɓa tambaya ba. Yakan tarar da ita duƙe a kan littafi, fitila a gefe, ya ce, "Sannu da aiki," kamar yadda zai ce wa mai tankaɗe. Lokacin da ake karanta labarinta kuwa shi ne lokacin dara. Ranar da aka buga mata littafinta na farko ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya juya gaba, ya juya baya, ya ce, "Allah shi sa albarka." Ajami yake karantawa, bokonsa bai wuce lamba ba. Ya ɗora littafin a kan kwaba, can yake har yau.

To, abin da mutum bai faɗa da baki ba yakan sami wata hanyar fita. Shekara biyu da suka wuce Dijatu ta fara wani dogon labari na wani magidanci, Malam Jelani, da matarsa Sadiyatu. Malam Jelani ɗan dara ne. Yana gyaran murya a zaure. Yana goge duwatsunsa ranar Jumma'a. Ranar da Sadiyatu ke naƙuda aka aika masa, ya ce a bari ya ƙarasa wasan da ke hannunsa. Ba labarin da ya taɓa karɓuwa kamar wannan. Mata na bugo waya suna Allah ya isa ga Malam Jelani, wata daga Wamakko har kuka ta yi. Dijatu kan ji sanyi a ranta duk ranar da aka zage shi, daga baya kuma ta ji kunyar sanyin. Takan gaya wa kanta ai ba laifi, wanda ake yi da shi ba ya ji.

Ranar wata Alhamis da safe, yana shan kunu, ta ce, "Malam, yau ni da kaina za su sa a rediyo. Hira za a yi da ni kan littahin ga."

"To. Wa za shi kai ki?"

"Napep zan shiga."

"Allah shi kiyaye hanya." Ya ajiye ludayi, ya duba gefe da gefe. "Kin ga jikkata?"

Ta ɗauko masa daga ƙusar da take rataye. Jakar ta fi ƙarfin duwatsu goma sha biyu nauyi, amma Dijatu ba ta taɓa buɗe ta ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Ya rataya ya fita. Ta tsaya tana jiran ko zai juyo ya ce ƙarfe nawa za a yi. Sai ƙarar ƙyauren zaure ta ji.

Ɗakin da aka shigar da ita a gidan rediyon sanyi ne da shi kamar randa, bangon duk an manna soso. Shamsiyya sa'ar 'yarta ce, mai fara'a da saurin baki. Ta gyara mata abin magana, ta ce, "Inna, ki saki jiki, awa muna tsakar gida." Jan wuta ya kama a saman ƙofa, hira ta fara.

Aka yi zancen ajin manya, aka yi na littafi. Sannan Shamsiyya ta ce, "In ba rubutu kike ba, mi kike yi don jin daɗin ranki?"

"Da can saƙar faifai nike," in ji Dijatu. "In rina kaba, ja da baƙi, in zauna in ta saƙa. Ko ba a saye. Hannu na aiki, kai na wani wuri. Da na iya biro sai na ajiye basilla. Amma duk abu guda na, ɗiyata. Kina jera abu kusa da abu har shi zama wani abu."

"Masu saurare sun aiko da tambaya, kusan su goma, duk iri ɗaya. Wai ke da kike rubuta soyayya, mi ce ce soyayya a wurinki?"

Dijatu ta sha rubuta amsar wannan tambaya a bakin mutanen da ta ƙirƙira, ba a taɓa ce mata ta faɗa da nata ba.

"Ni dai abin da na gani," ta ce a hankali, "shi na mutum ya so sanin abin da ke hannunka. Ba wai shi saya maka ba, ba wai shi yaba ba. Shi dai tambaya: mi kake yi nan? Shi tsaya shi ji. Ci da sha da sutura hakki na. Wanga kuwa ba a kai ƙararsa gun alƙali. In an ba ka, an ba ka."

"Inna, kin taɓa mu. To shi babanmu fa, mai gidan? Shina sauraronmu yanzu?"

Dijatu ta yi 'yar dariya, maganar ta fita kafin ta auna ta. "Yanzu? Ai shina gindin icce wurin dara."

"Dara?" Shamsiyya ta tafa hannu tana dariya. "Awa Malam Jelani ke nan. Inna, ko dai a gida kika samo shi?"

Nan Dijatu ta hango matan unguwa a bakin rediyonsu suna haɗa ido. Ta ga abin da ta yi: ta ɗauki mutumin da bai taɓa barinta da yunwa ba, bai taɓa ɗaga mata murya ba, ta jefa shi a bakin duniya. Dole ta raba su, shi da wancan na labari, yanzu kuma, kafin jan wutar nan ya mutu.

"A'a," ta ce. "Malam Jelani na takarda na. Nawa mutumin kirki na. Shi ya bar ni na tahi makaranta da girmana, lokacin da anka yi ta ba shi baki. Bai taɓa yaga mini takarda ba. In kun ga rubutuna, inuwarsa na zauna na yi shi."

"To ki gaishe shi mana. Wa za mu ce?"

Tana iya cewa baban su Mu'az, a wuce wurin. Amma ta ga kamar hakan bai isa ya wanke shi ba. Mutumin labari yana da suna, duk gari ya sani, nata mijin kuwa ba ya da shi a bakinta. Wani abu kuma a can ƙasan zuciyarta, wanda ya shekara ashirin da tara a zaune, ya ce mata: faɗi, ai ba ya ji.

"Arzika," ta ce. "Malam Arzika mai hatsi, na Unguwar Rogo. Ina gaishe shi, ina gode mashi."

Sunan ya fita sakayau, ba nauyi ko kaɗan. Har mamaki ta yi. A hanyar komawa, cikin napep, ta riƙa maimaita shi a zuci, tana jin kanta kamar amarya. Ta sa mai napep ya tsaya ta sayi kilishi, irin mai yaji-yaji da Arzika yake so.

Takalmansa ta fara gani a ƙofar ɗaki. Rana ba ta faɗi ba, ko kiran magariba ba a yi ba. Tunda take da shi, in ba ciwo ko rasuwa ba, ba ta taɓa ganinsa a gida a irin wannan lokaci ba.

"Malam, lahiya?"

"Lahiya lau. An dawo?"

Yana zaune a bakin gado, jakar na gefensa. Ta kawo kilishin a faranti. Ya ce an gode, bai taɓa ba. Ya yi magariba da lisha a cikin ɗaki, abin da ba ya yi. Washegari Jumma'a bai zazzage duwatsunsa a buzu ba. Ya sha kunu rabi, ya fita.

Da hantsi sai ga Atika, yayarsa, ta shigo ba ta ko ƙarasa sallama ba. Tsohuwa ce gajera mai kaifin harshe, ita ta riƙe Arzika bayan rasuwar uwarsu. Dijatu ta shimfiɗa mata tabarma, ta durƙusa.

"Ina kwana, Yaya."

"Kwana na wurinku, 'yan rediyo. Ni ban runtsa ba." Ta zauna, ta kwance bakin zanenta, ta ajiye wani abu a kan tabarma. Dutse ne, ɗan ƙarami, mai sulɓi. "Kin san wanga?"

"Na Malam na."

"Au, yau kuma Malam na? Jiya ai da sunan yanka kinka kira shi, Sakkwato duka na ji. Ni da na goye shi ban kiransa hakanan gaban mutane. Matar Mode ta kawo mini dutsen ga da sassahe. Wai mijinta ya tsince shi cikin yashi bayan an watse."

Mode shi ne abokin karawar Arzika a dara, shekara da shekaru, mutum mai barkwanci da ba ya barin ta kwana.

"Yaya, wa ya kai mashi labari? Ai shina wurin wasa."

Atika ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. "Ke da gaske kike? Wa za shi kai mashi? Da kunnensa ya ji. Rediyonsa na gabansa."

"Malam ba shi da rediyo."

"Cikin jikkar ga mi kike zato shike ɗauka, tubali? 'Yar ƙarama ta, awa tahin hannu. Duk Alhamis sai shi hiddo ta shi jingina ga icce. Wai hwarashin hatsi shike jira, wanda aka hwaɗi bayan shirinku. Mutumin da shi ka yanka hwarashin a kasuwa. Shekara shida, Dijatu. In an soma karatunki wasansa lalacewa shike, Mode ya ce ranar Alhamis kaɗai shike samun cin sa."

Dijatu ta zauna a ƙasa.

"Su sauran sun san ni ce?"

"Wa bai sani ba? Amma an taɓa hwaɗi? Dattawa na. Ana karanta Malam Jelani, ana gyaran murya, ana goge duwatsu, kowa shi sadda kai ga gurbinsa. Shi bai ce matata ta ba, su ba su ce kai na ba. Labari na, na wata mata, kan wani mutum. Hakanan sunka zauna shekara biyu lahiya. Sai jiya kinka buɗe baki kinka ce shina wurin dara, yarinyar ga ta yi dariya, ke kuma kinka ɗora suna bisa, har da sana'a, har da unguwa. Saura lambar gida."

"Wanke shi na so in yi."

"Kin wanke shi kam. Wurin ya yi tsit. Sai Mode, kin san bakinsa, ya tura dutse ya ce, 'Malam Jelani, wasanka na.' Anka kwashe da dariya. Ba da mugunta ba, in ji matarsa, abin ne ya daɗe cikinsu. Shi ko ya kwashe duwatsunsa tsakiyar wasa, ya kashe rediyo, ya tashi. Shekara ashirin ba a taɓa ganin ya tashi bisa wasa ba."

Atika ta miƙe tana gyara lulluɓi. A bakin zaure ta juyo. "Ni ban iya karatunku ba. Amma tsohuwarki da ba ta san baƙi ko ɗaya ba ta san abin da aka bari cikin baki."

Dijatu ta wuni da dutsen a hannu. Da farko, abin kunya, daɗi ta fara ji: ashe yana ji. Sai daɗin ya juye, don ta fara tuna abin da ya ji. Ta ɗauko tsofaffin littattafan rubutunta daga ƙarƙashin gado tana buɗawa. Ga inda Sadiyatu ta ce zama da Malam Jelani kamar zama da turmi ne. Ga inda ta ce da dutse aka yi ta da ta fi samun shafa. Ga babin naƙuda. Kowane layi ta karanta sai ta gan shi a gindin dogon yaro, kansa a sunkuye, dutse a hannu, maza goma kewaye da shi.

Ranar Asabar da safe, kafin ya fita, ta same shi a tsakar gida yana ɗaura agogo. Ta durƙusa ta ajiye dutsen a gefen buzunsa.

"Yaya ta kawo."

Ya dube shi, bai ɗauka ba.

"Malam, ka yi haƙuri. Ban san kana ji ba."

"Na sani. Da kin sani da ba ki rubuta ba. Shi ya sa ban hwaɗa maki ba."

Ba ta zaci wannan ba. Ta ɗago kai.

"Kin iya," ya ce, yana kallon bango. "Tun labarinki na hwarko, na direban ga da kinka kashe a hanyar Illela. Bai cancanci mutuwa ba, amma kin iya. Na ce in na yi magana za ki riƙa rubutu kina waiwayena. Sai na bari."

"Ko sau ɗaya, Malam. Ko cewa ka yi na ji. Shekara shida ina zaton da bango nike."

"Awa turmi," ya ce. Bai yi murmushi ba. "Na ji wannan ma."

Ta rasa inda za ta sa idonta.

"Ban ce ƙarya kinka yi duka ba. Ina gyaran murya. Ban iya zancen da mutanen littahinki ka yi ba, ba a koya muna ba. Amma ranar haihuwar auta, da anka aiko, ban tsaya ƙarasa wasa ba. Ruwa anka yi, ba mota cikin unguwa. Da ƙahwa na tahi har Gidan Dahala wurin wani mai a-kori-kura. Kahin mu iso kin haihu. Na shigo jiƙe, kinka kau da kai."

"Yaran da anka aika sun ce sun bar ka gindin icce."

"Sun bar ni ina neman takalmina. Ba ki tambaye ni ba."

Shekara ashirin da ɗaya tana riƙe da ranar nan. Ta gina mata babi guda, mata sun yi kuka a kanta har Wamakko.

"Da anka karanta wannan," ya ci gaba, "na ce ba komi, Jelani na, ba ni ba. Kowa ya taya ni cewa hakanan, ba da baki ba. Yanzu kin ɗauke muna wannan. Jiya cikin kasuwa wata mata ta zo awon gero, ta tsaya tana kallona, ta ce wa 'yar'uwarta, shi na."

"Zan koma rediyon in gyara. In ce ƙirƙira ta."

"Ki sake kiran sunan?" Ya girgiza kai. "Bar shi hakanan."

Ya jawo jakar, ya buɗe, ya fiddo rediyon. 'Yar baƙa ce, an ɗaure murfin batirinta da zaren roba, gefenta ya koɗe saboda riƙo. Ya ajiye ta a kan tagar ɗakinta. Sannan ya ɗauki dutsen ya jefa cikin jaka, ya ja bakin ya ɗaure, ya rataye ta a ƙusa. Ya fita kasuwa kafaɗarsa ba komai.

Mode ya yi sallama sau biyu a makon nan. Arzika ya fita zaure suka gaisa, aka yi dariya sama-sama, amma bai koma gindin dogon yaro ba. Da la'asar sai ya dawo gida ya zauna a buzu da carbi. Dijatu, wadda ta yi shekaru tana fatan ya zauna a gida da yamma, ta riƙa kewaye shi kamar mai kewaye majinyaci. Hannunsa na dama kan motsa a kan buzun, yatsa na tura abin da babu.

Alhamis ta zagayo. Ya yi gyaran murya a zaure, ya ce, "Kuna ciki?" Ta ce, "Muna ciki." Ya zauna. Rediyon na kan taga a kashe, ba wanda ya dube ta. Amma katangar Unguwar Rogo ba ta tare sauti. Daga gidan maƙwabta kiɗan buɗe shirin ya taso, sai muryar Shamsiyya, tana cewa a karatun baya mun tsaya inda Malam Jelani ya manta Sadiyatu a bakin asibiti. Dijatu ta riga ta miƙa babi uku gaba tun kafin hirar. Ta san kowace kalma da ke tafe.

Arzika ya saurara kaɗan, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Saura mako nawa shi ƙare?"

"Uku. In ka ce a tsaida, gobe sai in aika a tsaida."

Ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya sa takalmi.

"Ban taɓa hana ki ba," ya ce. "Ran Alhamis na riƙa tsayawa kasuwa sai magariba. Kada a jira ni da ruwan wanka."

Ya fita. Dijatu ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, sabon littafin rubutu a cinya, biro a hannu, babi na ƙarshe bai da ko layi ɗaya. A ƙetaren katanga matar maƙwabci ta ja tsaki ta ce wa wata, "Allah wadan namiji irin wanga." Jakar jan fata na rataye a ƙusa, inda ya bar ta.